Ban Ji Ƙas Ba

Shekaru da yawa ina ɗaukar hoto a Jega da kyamara ɗaya. Baƙa ce, mai nauyin tsiya, har igiyarta ta yi mini kanta a wuya. Na sha zaginta, Allah ya sani. Amma hannuna ya san ta. Ko ido a rufe, babban yatsana ya san inda zai je, kuma idan na danna sai ta ce ƙas, jama'ar suna ko walima su saki numfashi su koma hirarsu.

Da abokan sana'a suka fara tsokanata wai ina yawo da injin markaɗe a wuya, zuciya ta ɗebe ni. Ni dama ba na son raini. Na sayar da ita, na sayo ta zamani, irin marar madubin cikin nan da ake yayi. Kyakkyawa ce, ba na musu, hotonta tar kamar ka taɓa mutum. Sai dai tun ranar farko muka ƙi jituwa. Ni mutum ne mai manyan yatsu, ita kuwa 'yar mitsitsiya, ƙaramin yatsana ya rasa wurin zama, yana reto a ƙasa. In nufi maɓalli ɗaya in danna biyu. Gilashin bayanta kuma irin na waya ne, ko ƙuda ya sauka sai ta amsa. Ga ta kurma bebiya, mai shagon ya saita ta ba ta ƙara ko kaɗan, ni kuma na bar ta haka saboda burga. Ban faɗa wa kowa ba, amma raina bai taɓa kwanciya da ita ba.

Ina cikin wannan hali 'yar kawuna da ke aure a Maiyama ta kira ni. Babanta, yayan mahaifiyata, mai ɗorin karaya ne a Aliero, yana kuma noman albasa kamar kowa a can. Duk tsawon rayuwarsa bai yarda an yi masa hoto ba, sai na katin zaɓe, wanda ya fito a ciki kamar an kamo shi da laifi. Ta ce tsufa ya kama shi, tana son hoto ɗaya tak da za ta rataya a ɗaki, 'ya'yanta su san fuskar kakansu. Ta ce wata uku tana lallashinsa kafin ya yarda, kuma sharaɗinsa ɗauka ɗaya ce, ba ya son wasan yara. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai sabuwar kyamara gare ni.

Na isa Aliero da hantsi, a tsakiyar bazara, an gama cire albasa, gari duk yana warinta. Na tarar da Kawu a ƙofar gida ya sa farar riga da rawani, bayansa buhunan albasa jere har kusan kan katanga. Bayan gaisuwa ya miƙo hannu, na ba shi kyamarar. Ya jujjuya ta da yatsun nan nasa da suka saba laluben ƙashi a cikin tsoka, ya ɗaga ta ya auna nauyinta, sannan ya kama tsintsiyar hannuna ya matsa. Ya tambayi ina tsohuwar. Na ce na sayar. Ya girgiza kai ya ce wannan ba ta da ƙashi, kuma ba don hannuna aka yi ta ba. Na yi dariyar yaƙe, a raina ina cewa tsoho ya tsaya ga ɗorinsa.

Ya miƙe tsaye ya gyara rawani, ya haɗe fuska irin ta mutanen da. Na kai kyamara ido. Ni da idon hagu nake leƙawa, tun da na dama ya yi rauni, don haka hancina yakan kwanta a bayan kyamara. A tsohuwar wannan ba komai ba ne. Na danna, na sauke hannu, na ce an gama.

Kawu bai motsa ba. Yana nan ƙyam a cikin rana, gumi na bin gefen rawaninsa.

"Ɗana, ban ji ƙas ba," ya ce. "In kaɗ ɗauka, ina kukanta? Sake dai, ina tsaye."

Mutumin da ya ce ɗauka ɗaya, shi ne da bakinsa ya ba ni ta biyu. Ni kuwa, don maƙwabta sun taru suna kallo, girman kai ya hau ni. Na ce, "Kawu, ai na zamani ba su kuka. An riga an gama." Na ɗan kalli gilashin, rana ta haske shi, na ga farar riga da rawani, na ce ya yi. Ya ce to, Allah shi yi albarka, ya shige gida yana warware rawani.

Sai da na koma shago na buɗe hoton a kwamfuta na ga abin da na aikata. Hancina ya taɓa gilashin, saitin ya bar fuskar Kawu ya koma can gefe. Buhunan albasa sun fito tar, har zaren ɗinkin bakinsu ana iya ƙirgawa. Kawu kuwa farin dishi-dishi ne a tsakiya, ba ido, ba baki. Na zauna na dafe kai, wallahi kamar in rotsa kyamarar da ƙasa.

Aliero ba nisa. Da na hau mashin washegari da an wuce wurin. Amma yaya zan tsaya gaban tsohon nan in ce ya yi gaskiya? Na ce sai an kwana biyu. Na ce sai bayan bikin da aka ɗauke ni. 'Yarsa ta kira sau biyu, na ce ana kan wankewa. Kafin ruwan farko ya sauka aka bugo mini da safe cewa Kawu ya rasu.

Bayan sadakar uku na wanke hoton na kai wa 'yarsa Maiyama, don ƙarya ta ƙare mini. Na faɗa mata komai, har da hancin, har da abin da ya ce. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Ta daɗe tana kallon hoton, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta goge shi da gefen mayafi ko zai washe. Ƙaramar 'yarta ta leƙo tana tambayar wane ne.

"Kakanki na," ta ce. "Ga shi nan tsaye, yana jira."

Tun daga ranar na kunna wa kyamarar ƙara. Wurin saita ta na nan tun farko, ban dai taɓa nema ba. Ƙas ɗin ƙarya ne, daga 'yar lasifika yake fita, amma yanzu ba na sauke hannu sai wanda ke gabana ya ji shi.