Filin da Yaya Sani ya bari a cikin kwalba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani, malamin kimiyyar sinadarai, wanda mutanen Ƙofar Dumi suka laƙaba wa Dakta Mai Gawayi. Ba don yabo suke faɗa ba. Rayuwarsa ta ƙare a ƙona ƙwallon goruba yana yin wani gawayi na tace ruwa, kuma da ya rasu bai bar gida ko fili ba. Wannan maganar ta daɗe tana cin ran Inna, mahaifiyarmu. Abin da ta samu a ɗakinsa kawai wata kwalba ce cike da baƙin gari.

Yakan ce mini gawayin nan cike yake da ramuka da ido ba ya gani, kuma da za a shimfiɗa bangayensu, cokalin shayi ɗaya zai rufe filin ƙwallo. Ni kuwa dariya nake yi masa. A lokacin babu na'urar da zai auna da ita a kusa da mu, ya rasu bai ga sakamakon ba.

Bana ɗalibarsa Rifkatu, wadda yanzu ita ma take koyarwa, ta zo gaishe da Inna, ta roƙi a ba ta kaɗan daga garin. Na bi ta ɗakin gwaji. Ta zuba shi a wani bututun gilashi, ta fara gasa shi, na'ura ta zuƙe duk danshi da iskar da ke ciki. Sannan ta tsoma bututun cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, yana ta hayaƙi, ta riƙa sakar masa iskar naitirojin kaɗan-kaɗan. Iskar tana manne wa bangon kowane rami, kuma daga yawan da ya manne ake lissafa faɗin. Na tsaya ina kallon ɗan garin da bai cika farce ba yana shan iska bai ƙoshi ba. Da Yaya na nan, na san sai ya tsokane ni kafin ya yi hamdala.

Rifkatu ta dawo ta durƙusa gaban Inna. "Mama, abin da Malam ya faɗa haka yake."

Inna ta jujjuya kwalbar. "Duka wannan, ya kai gonarmu ta Zungur?"

"Ya ninka ta, Mama."

 Inna ta goge kwalbar da bakin zanenta, ta ce, "Allahu Akbar. Su kuma suka ce ɗana bai bar fili ba."