Felun da na bar wa maƙabarta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar wani ƙaramin asibiti a ƙasar Buza, tun bayan babban fari har idanuna suka fara raunana. Asibitin ɗaki uku ne da rumfa. Majo, wato babban malamin jinya, shi ke allura, shi ke ɗinki, shi ke cire haƙori. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya leƙo rumfa ya ce in tayar da mota a kai Madawa. Yawancin waɗanda nake ɗauka mata ne da naƙuda ta yi wa gardama.

Motar katkat ce, wato mai ja da taya huɗu, ta tsufa amma ba ta da ƙiwuya. Hanya kuwa babu, sai sawun da wani ya bari. Ka gangaro daga tudun duwatsu, ka faɗa ƙorama, ka sake hawa wani tudu. Da damina ruwa ne ke tare ka, da bazara rairayi mai laushi wanda ke haɗiye taya har cikin mota ya zauna ƙasa. Direban da ya shiga wannan ƙasa ba shi da shebur, to bai gama hankali ba. Mu nan felu muke ce wa shebur.

Feluna na farko a kasuwar Madawa na same shi, wurin wani tsohon soja mai sayar da tarkacen ƙarfe. Irin na sojoji ne, mai naɗewa biyu. Akwai zobe a wuyansa. In ka miƙe shi ka murɗa zoben ya zama shebur, in ka karya shi rabi ka murɗa ya zama fartanya mai sara. Fentinsa ya goge, ƙotar ta yi baƙi saboda hannun mutane, ga nauyi. Na yatsine fuska na ce ya tsufa. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗora felun a kan duwatsu biyu, ya ce in hau da dukan ƙafafuna. Na hau, ko gezau bai yi ba.

"Ɗana," ya ce, "felu ba ga baki shika mutuwa ba, ga wuya shika mutuwa. In za ka saye, dubi wuya."

Na dubi wuya. Ƙusar da ta haɗa baki da ƙota ta kai kaurin ɗan yatsana. Na ɗauka, na ba shi mazauni ƙarƙashin kujerata.

Ya fid da ni daga rairayi sau ba adadi. Aikin na san shi kamar alwala: ka kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ciki, ka buɗe wa kowace taya gaba, ka shimfiɗa mata farantin ƙarfe, ka tayar a hankali. Ban taɓa wuce rabin awa ba. Ba na ba da aronsa, ko masu ginin masallaci na hana. Majo yakan ce ranar da mota ta kama wuta, felu zan fara cetowa kafin mara lafiya. Ni kuwa ba na musa masa.

Wata bazara muka mai da wani tsoho gida, can wani ƙauye a kan tudu wajen iyakar Keita. Majo ya ce babu sauran abin yi, gara ya cika cikin danginsa. Muna isa da hantsi, ko awa ɗaya bai ƙara ba. Lokacin duk wani mai ƙarfi ya tafi cin rani, garin sai tsofaffi da mata da yara. Na bi su maƙabarta. Ƙasar wurin marmara ce, tsofaffin nan suna ta sara da guntayen fartanyu, ƙasa na mai da musu. Rana tana hawa, gawa tana jira. Na kasa tsayawa kallo. Na koma mota na ɗauko felu, na karya shi na murɗa zobe, na tuɓe riga na shiga. Kafin azahar an rufe shi.

Aka wanke kayan haƙa gaba ɗaya. Nawa suka ajiye mini a ƙasa, don ba a miƙa wa mutum ƙarfen kabari hannu da hannu. Na ɗauka na nufi mota. Ina buɗe ƙofa, sai ƙanwar mamacin, wata tsohuwa da ke zaune gindin bango, ta ɗago kai.

"Ɗan nan, ƙarhen da yag gina kushewa za ka sa inda mata ka kwanciya da ciki?"

Limamin garin yana tsaye, ya ji ta. Ya ce wannan ba ya cikin littafi, ƙarfe ƙarfe ne, kuma an wanke shi. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Amma ni a hannun uwa irin wannan tsohuwa na tashi. A gidanmu, wanda ya dawo daga jana'iza ba ya leƙa ɗakin mai jego sai ya wanke ƙafa ya sha iska a waje. Na tsaya riƙe da felun, na dubi bayan motar inda muke shimfiɗa tabarma. Na ce wa liman na bar wa maƙabartarsu, sadaka. Aka yi ta sa mini albarka. Ba zan ɓoye ba, na taho ina jin daɗin kaina.

Majo ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Da ya ga da gaske nake sai dariyar ta ƙare, ya ce camfi ne, in koma in karɓo kayan aikina. Na ce abin da aka bayar sadaka ba a komawa kansa, zan sayi wani. Ranar kasuwar Buza na zagaya, iri ɗaya na samu. Sabo ne fil, yana walƙiya, yana naɗewa uku, har da jakarsa ta zane, ba nauyi ko kaɗan. Na dubi wuya. Ƙusar ba ta fi tsinken tsire ba. Ban ɗora shi a kan duwatsu na hau ba, don na san abin da zai faru. Na ce na riƙe wannan kafin in je Madawa in nemi tsohon soja. Na je Madawa sau uku bayan haka. Yau sauri nake, gobe ba ranar kasuwa ba ce, jibi na manta.

Bai cika wata ɗaya ba, wani manomin albasa ya iso asibiti da sassafe, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Matarsa kwana biyu tana kan gwiwa, yanzu kuma jini ya ɓalle. Majo yana da marasa lafiya cike da rumfa, sai ya haɗa ni da ungozoma. Muka ɗauko matar daga wani ƙauyen fadama. Ungozoma ta duba ta sau ɗaya ta ce kada in tsaya ko'ina sai Madawa.

Na yanke ta wata ƙorama da na saba ratsawa. A tsakiyarta na ji motar ta yi nauyi, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya. Ta zauna. Na sauko ban ko damu ba, na ce wa mijin rabin awa ne. Na buɗe sabon felu na kwanta gefen mota. Na kwashe sama-sama, na tura shi ƙarƙashin ciki inda rairayi ya danne, na danna ƙota. Sai na ji ƙas. Ƙota ta zo hannuna, bakin ya tsaya cikin ƙasa.

Na tono bakin na riƙe shi da hannu biyu ina yaƙuta. Mijin ya ɗauki kwanon shan ruwa. Duk abin da muka kwashe, rabinsa ya gangaro ya koma. Rairayin ya yi zafi har ba ka iya ɗora gwiwa. Na ce masa ya ruga ya nemo mutane da fartanya. Ƙauye mafi kusa tafiyar awa ɗaya ce, ya tafi da gudu.

Na shige ƙarƙashin mota ni kaɗai. A daben motar akwai wata 'yar huda da ruwa ke fita in mun wanke ta. Ina cikin haƙa sai na ga wani abu yana ɗiga ta nan, kusa da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, rairayi yana shanyewa. Na matsa gefe, na ci gaba. Matar ba ta yi kuka ba, sai nishi. Ina jin ungozoma tana ba ta ruwa tana yi mata addu'a. Can, da hakina ya yi yawa, na ji muryar matar ta cikin ƙarfe, a hankali.

"Sannu da aiki, malam direba."

Har yau ina jin wannan sannu, wani lokaci ina cikin salla.

Mijin ya dawo da mata biyar riƙe da ƙorai, da tsoho ɗaya mai fartanya. Muka taru muka tono. Sai la'asar motar ta fito. Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Mun fara hango itatuwan Madawa, ungozoma ta taɓa kafaɗata ta ce in rage, babu sauran sauri. Abin da ke cikinta ma bai zo ba.

A can aka tambaye ni me ya tsai da mu, na ce rairayi. Mijin ya kama hannuwana biyu, duk sun sale, ya nuna wa mutane ya ce su dubi abin da bawan Allah ya yi saboda iyalinsa. Majo bai ce mini kome ba da muka dawo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mako na zagayowa na hau tudu, na sami liman na ce ina son feluna. Bai tambaye ni dalili ba, ya ɗauko ya ajiye mini a ƙasa. Da shi na ƙarasa aikina, kuma mata da yawa sun kwanta a motar sun koma gida da goyo.

Kowace bazara, in an cire albasa, mijin nan yakan ɗoro buhu a jaki ya kawo mini har gida. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ba 'ya'yana labarin yadda ubansu ya haƙa ƙorama da farce. In ya tafi sai in raba wa maƙwabta. Matata ta yi ta faɗa, wai wane irin mutum ne zai ba da albasar kyauta ya je kasuwa ya saya. Ni dai albasar nan ba ta wuce mini wuya.

A zuwansa na bakwai na raka shi har bayan gari. Ya yi wani auren a lokacin, furfura ta fara fito masa. Na ce ya tsai da jaki. Na gaya masa kome: felun soja, kabarin tsoho, maganar tsohuwa, gargaɗin Majo, da ƙusar da na gani da idona na saya duk da haka. Ya saurara yana shafa wuyan jakinsa. Na yi zaton zai ce ƙaddara ce, don haka kowa ke cewa, ni ma abin da na zo nema ke nan.

"Wancan na soja," ya ce, "da ya hid da mu?"

Na ce da ya fid da mu.

"Tun da rana tsaka?"

Na ce tun kafin azahar.

Ya gyaɗa kai. Ya gyara igiyar jaki, ya ce in gai da gida, ya tafi a ƙasa yana jansa, bai hau ba.

Da bazara ta dawo buhun ya zo, cike kamar kullum. Wani maƙwabcinsa ne ya kawo. Na tambaya ko lafiya, ya ce lafiya lau yake, yana fadama. Haka buhun ya ci gaba da zuwa har na bar aiki, amma shi ban sake ganin fuskarsa ba.