Na Jiƙa Kayan Aikin Baba

Laraba, Katsina zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Ƙofar Guga a kan acaɓa, idona cike da barci. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ce. Kwana tara ke nan Baba yana kwance a asibiti da karayar ƙugu. Likitan ƙashi baƙo ne, ran Juma'a zai koma. Ya rubuto mini abu biyu da ba a samu a Katsina: simintin ƙashi da ake liƙa ƙarfe da shi, da wani kwanon roba mai murfi da ke zuƙe iska yayin kwaɓawa. Ya ce in iska ta rage a ciki, simintin ba ya ƙarko. Ya kuma ja kunnena kada zafi ya taɓa kayan.

Fijo muka shiga, mu tara. Soja sun bar hanya, 'yan sanda sun gaje su. Kafin Bichi sau shida aka tsayar da mu. Sha ɗaya muka shiga Kano. Sai la'asar na sami kayan, a kanti na huɗu. Na ci garau-garau, na kwana a shagon wani abokin sana'a.

Alhamis, komowa

Ni ɗan goro ne, hanya ɗaya na sani ta kare kaya daga zafi. Na naɗe su a jiƙaƙƙen algarara. Na yayyafa ruwa a Tsanyawa, na ƙara a Kankiya, har direba yana tsokanata wai goron asibiti na ɗauko. Ni kuwa ina jin kaina gwani.

Ƙarfe biyu na miƙa wa nas. Ta ɗaga kwanon, takardar da aka liƙe shi da ita ta saɓule a hannunta.

"Malam, wa ya ce ka jiƙa mashi? Ƙwayar cuta ta samu hanya, ba ya shiga ɗakin tiyata."

Na zauna a ƙasa. Simintin dai ya tsira a ledarsa. Babu lokacin komawa Kano, dole likita ya kwaɓa da hannu a buɗaɗɗen kwano. Na tambaye shi ko zai riƙe. Ya ce zai riƙe, shekara nawa ne bai sani ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa likitan da bai ƙara mini ko kalma ba. Baba yana takawa masallaci yanzu, yana ta sa mini albarka a gaban mutane. Har yau na kasa gaya masa.