Ranar da Baffa Jabbi Ya Tsayar da Aure a Coci

Ku yaran gareji kun sha tambayata ranar da ta fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina tuƙi a aikin dam na Bakolori. Ba ranar da tifa ta kafe mini a laka ba ce, ba kuma ranar da na yi cacar baki da wani Bature ba, ko da yake a wannan ni ne marar gaskiya. Wata Asabar ce da rani, ranar auren Tarna makaniki.

A sashen motoci akwai babban jami'i, sai helma, wato mai raba wa direbobi aiki da safe, sai mu direbobi, sai makanikai, sai masu gadi. Tarna ɗan ƙabilar Tibi ne daga can Binuwai, hannunsa na da kyau a inji, kuma ba shi da fushi. Mai gadin ƙofarmu shi ne Baffa Jabbi, dattijon Bafulatani daga wajen Maradun. Aikin dam ya cinye masa makiyaya, sai ya bar 'yan shanun da suka rage a hannun ɗansa ya kama gadi.

Fulani da Tibi abokan wasa ne. Wai tun zamanin kakanni Bafulatani ya ba Tibi ajiyar shanu, ya dawo ya tarar an cinye. Saboda haka kullum da safe gaisuwarsu ɗaya ce.

"Ɓarawon shanu, ka kwana lahiya? Ina saniyata?"

"Tana cikina, Baffa. Sa kunne ka ji kukanta."

Amarya Rifkatu 'yar Zuru ce, tana aiki a ɗakin shan magani na ma'aikata. Mahaifinta Saje Dauda tsohon soja ne, kuma dattijo a cocinsu. Tun farko auren bai kwanta masa ba. A garinsu mai neman aure yakan yi shekaru yana yi wa suruki noma, wannan kuwa ya zo da sifana a aljihu. Abin da ya fi damunsa shi ne Tarna maraya ne, kawun da zai tsaya masa kuma ciwo ya hana shi tahowa. Saje ya sha cewa, "Yaron da ba shi da babba a bayansa, wa zan kama in ya wulaƙanta mini ɗiya?" Da ƙyar fasto ya shawo kansa.

Jami'i ya ba da bas ta kamfani, helma ya miƙo mini mabuɗi.

"Ka kai su coci, ka kai su wurin liyafa, ka dawo da ita ba ƙwarzane. Kuma Isa, ka riƙe bakinka."

Ya san halina. Ni mutum ne mai son a yi abin dariya, in zuga in koma gefe.

Cocin ginin laka ne mai rufin kwano a bayan Talata Mafara. Yawancin 'yan garejinmu suka tsaya waje ƙarƙashin dogonyaro, amma Tarna ya roƙi ni da Baffa da wasu kaɗan mu shiga. A bakin ƙofa muka tuɓe takalma muka bar huluna a kai. Da muka shiga sai muka ga su kuma mazan sun tuɓe huluna sun bar takalma. Baffa ya ce shi dai hularsa ba ta sauka. Aka zaunar da mu a bencin baya.

A wurinmu amarya ba ta zuwa wajen ɗaurin aure, kuma abokan wasa kan yi ta ihu suna cewa ba su yarda ba, liman bai ko ɗaga kai. A coci ba haka ba ne. Amarya ta shigo cikin fararen kaya da lulluɓi, riƙe da hannun ubanta, matan zumuntar coci suna waƙa suna buga tulu. Bayan addu'a fasto ya ce in akwai wanda ya san wani dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu, ya faɗa yanzu. Ya tsaya yana duban jama'a.

Baffa ya raɗa mini, "Isa, mi yac ce?"

"Ya ce mai magana ya tashi."

Na taɓa kai wani aure irin wannan, na san wurin ba na wasa ba ne. Amma sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "Baffa, ai kai ake jira."

Ya miƙe da sandarsa.

"Ni ina da magana! Wanga yaro bawana ne, kuma ya ci mini saniya. Ba a ba shi mata sai ya hiddo ta!"

Ya tsaya yana jiran dariya. Mu 'yan bencin baya muka fara, muka ji mu kaɗai ne, muka haɗiye. Uwar amarya ta ɗora hannu a ka. Fasto ya rufe littafi a hankali. Ashe ƙa'idarsu ita ce, duk wanda ya tashi sai an saurare shi a keɓe tare da dattawa, in maganar ta tsaya kuwa babu aure ranar, sai an sake sanarwa daga farko.

Aka shigar da mu wani ɗan ɗaki a gefe: fasto, Saje, Tarna, Baffa, da ni a matsayin wanda ya san su. Fasto ya fara bayanin wasan Fulani da Tibi, Saje ya katse shi.

"Na san wasan, Fasto. Na yi soja da su duka. Amma an faɗa a ɗakin Allah, a gaban dangina. Gobe a Zuru za a ce Dauda ya ba ɓarawon shanu ɗiya. Zan tafi da abata."

Tarna na tsaye cikin kwat ta aro, gumi na zuba, idonsa ya yi ja. Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Ni kuwa ina maƙale a bango ina addu'ar kada a tambayi wanda ya tashe shi.

Can Saje ya juya ya kafa wa Baffa ido.

"Ka ce bawanka ne?"

"Wasa ne, Saje, wallahi wasa ne."

"Ban tambaye ka wasa ba. Naka ne ko ba naka ba?"

Baffa ya dubi Tarna, ya daɗe yana dubansa. "Nawa ne."

"In ya doki ɗiyata?"

"Ka taho Maradun ka tambayi rugar Jabbi. Kahin ka iso na karya shi."

"To fita ka gyara da bakin da ka ɓata."

Baffa ya tsaya gaban jama'a ba takalmi, hula a kai.

"Jama'a, ku yi haƙuri, ban san ba a wasa nan ba. Wanga yaro ko kazata bai taɓa ci ba. Ni ne mai gadi, ni ke laluben aljihun kowa, ko ƙusa bai taɓa hita da ita ba. Wanda ke neman ubansa, ga ni." Ya ɗan saci kallon Tarna. "Kakanninsa dai..."

Fasto ya yi wuf ya buɗe littafi. A nan ne coci ta fashe da dariya, har Saje sai da ya sunkuyar da kai. Aka yi alkawari, aka sa zobe, matan zumunta suka rangaɗa guɗa.

Liyafa a filin wata firamare aka yi. Akwai babban tebur na manyan baƙi, aka zaunar da Baffa a kujerar uban ango, kafaɗa da kafaɗa da Saje. Saboda mu Musulmi, mahaucin cikin gari suka sa ya yanka ragon bikin, abin da ya ƙara ba ni kunya. Aka yanka kek, ango da amarya suka ba juna a baki, Baffa ya kau da kai yana salati. Da aka kawo masa nasa ya ɗanɗana, sai ya naɗe sauran a gefen rigarsa wai zai kai wa jikoki. Rifkatu ta zagaya da faranti ta ba kowa. Da ta iso kaina sai ta yi murmushi ta wuce. Wani ya riga ya kai mata labari.

Asabar ta gaba Baffa ya roƙi helma a ba shi akori-kura, ni na tuƙa shi Maradun. Cikin 'yan shanun da suka rage masa ya zaɓo maraƙi mai ƙiba muka ɗoro. Na ce, "Baffa, wannan bai yi yawa ba?" Ya ce, "Na ce ni ne ubansa a gaban mutane. Da baki kaɗai zan tsaya?" Aka kai wa Tarna, aka yanka, aka aika wa Saje cinya har Zuru.

Ni ma nawa bai wuce ba. Da damina zazzaɓi ya kai ni ɗakin shan magani, na tarar Rifkatu ce a bakin aiki. Ta ɗaga allura tana dubanta a haske, ta ce, "Shigo, Isa. Ai kai ake jira." Kwana da kwanaki a karkace nake zama a kujerar mota.

Abin da na koya shi ne, aikin kamfani yakan tara mutane daga ko'ina a mota ɗaya, su saba har su ɗauka al'adarsu ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. In kun kai mutum wurin ibadarsa, ku tambayi yadda ake yi, wanda ya sani kuma kada ya zuga wanda bai sani ba don ya sha dariya. Saura ƙiris in raba mutum da matarsa a kan haka.

Gaisuwar ƙofa kuwa ba ta mutu ba, amsa ce kawai ta canza.

"Ɓarawon shanu, ina saniyata?"

"Na ci, Baba. Kai ka kawo ta da kanka, Isa ne shaida."