Kujerar Jaririya da Cinyar Gwaggo

Washegarin ranar da na yi arba'in a haihuwata ta biyu, maigidana ya iso Doguwa da hantsi don ya ɗauke mu. Gaisuwa kawai ya yi, ya kurɓi kunu, ya koma waje ya buɗe bayan mota ya fito da kujerar jaririya. Kafin ya ajiye ta yaran unguwa sun kewaye shi, kai ka ce kura ya zo da ita wasa.

Ni na sa aka sayi kujerar nan, kuma ba don gayu ba. Lokacin da ɗana na fari yake jariri, muna cikin motar haya wajen Kwanar Dangora, shanu suka faɗo titi direba ya taka birki. Ina rungume da shi da hannu biyu, wallahi riƙo na gaske. Ban san sanda ya fita daga jikina ba, sai ƙarar goshinsa na ji a ƙarfen kujerar gaba. Allah ya sa da sauran kwana. Amma tabon yana nan, kullum in ina yi masa wanka sai na gan shi. Tun ina da cikin ƙanwarsa na ce wa babansu wannan ba za ta hau mota a hannun kowa ba, har ni.

Sai dai ban yi lissafi da Gwaggo ba.

Gwaggo yayar babana ce, ita ta yi mini wankan jego. Tun asuba take tashi ta hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta gasa mini jiki ina ihu tana cewa ragwanta ce. Ita ke dama kunun kanwa, ita ke jijjiga yarinyar in ta hana ni barci. A danginmu wadda ta yi wanka ita ke rakiya. Ita za ta riƙo jaririya a cinyarta tun daga ƙofar gida, ta miƙa ta hannu da hannu ga uwar miji. Ba a biyan mai wanka, wannan riƙon shi ne girmanta. Tun da safe Gwaggo ta ci ado, ta fito da sabon zane daga ƙasan akwati, wanda za ta shimfiɗa a cinya.

Na leƙa ta zaure ina kallon maigidana yana fama. Ya ɗora kujerar a baya, bayan mazaunin mai zaman gaba, fuskarta tana kallon inda aka fito. Ya zura bel ɗin mota ta ramin da aka yi masa, ya hau kujerar da gwiwa ya danne da duk nauyinsa yana ja, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya girgiza ta, ta motsa, ya kwance ya sake. Ya duba kwanciyarta don kada kan yarinya ya rinjayo kan ƙirji. Daga nan ya kwanta rubda ciki a ƙasa cikin motar da babbar rigarsa ta zuwa gidan surukai, ya zagaya igiyar kujerar a ƙarfen gindin mazaunin gaba, ya maƙala ƙugiya, ya tamke. Da ya sake girgizawa sai motar ce gaba ɗaya ta motsa. Raina ya yi fari, ban ɓoye ba.

Gwaggo ta fito da yarinyar a naɗe cikin tawul da shawul da mayafi, kamar za a kai ta ƙasar ƙanƙara. Ta dubi kujerar ta dube ni.

"Wannan kuma na wane ne?"

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na jaririya ne."

"To ni kuma me zan riƙe? Jakarki?"

Maigidana ya sunkuyar da kai yana goge hannu, don suruki ba ya sa baki a nan. Na yi bayani iya iyawata. Na ce wuyanta bai yi ƙwari ba, in aka taka birki tana kallon baya, bayan kujerar ne zai tare mata kai da gadon baya. Na ce sai an rage mata kaya ma, don maɗaurin ya kama jikinta sosai, in ya so a lulluɓe ta daga sama. Gwaggo ta tsaya tana kallo na warware naɗin da ta yi da hannunta. Na kwantar da yarinyar, na ja maɗaurin har ba ya tsunkuwa a yatsa, na gyara abin ƙirjin daidai hammata.

"An haifi mutum an sa shi ya ba gabansa baya," in ji ta. "Allah ya kyauta."

An yi mata tayin kujerar gaba ta ce ita ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da suruki. Sai aka loda kwanonin gara da tulun man shanu a can. Ita ta zauna bayan direba, ni a tsakiya, kujerar na tokare mini haƙarƙari ta dama, ta hagu kuma gwiwar hannun Gwaggo. Ta shimfiɗa sabon zanen nan a cinyarta duk da haka, ta ɗora tafukanta a kai.

Mun fara lafiya. Yarinya na barci, masara ta yi kore shar a gefen hanya, hadari na haɗuwa ta kan duwatsu. Muna shiga dajin Falgore ruwa ya sauko, ita kuma ta farka.

Kukan jaririn da ya cika arba'in ba ƙarfi gare shi ba, amma a cikin mota mai rufaffen gilashi har cikin ƙashi yake shiga. Na sa mata ɗan yatsa a baki ta tofar. Na yi mata waƙa, na shafa kumatunta. Fuskarta ta yi jawur, tana ta miƙa tana son ta ɗago, maɗauri ya riƙe ta. Nonona ya kawo, na ji rigata ta jiƙe.

"Ciro ta ki ba ta mama," in ji Gwaggo.

"Sai mun tsaya, Gwaggo."

Na ce wa maigidana ya samu wuri. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Ba a nan ba, ki yi haƙuri. Bari mu fita daji." Gaskiyarsa ce. Ba mai hankalin da zai tsaya da mata a tsakiyar dajin nan, ga ruwa, ga kwana-kwana, ga manyan motoci suna fitowa ba sallama. Ba tsayawa, ba cirowa, ba wurin da zan ko juya jikina. Ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani kujerar nan a lokacin ba, ni da na nace aka saye ta.

"Ke 'yar nan, wace irin zuciya gare ki? 'Yarki na shiɗewa kina kallo!"

"Gwaggo, kin san abin da ya samu yayanta."

"Ke ya suɓuce wa, ba ni ba. Na yi goyo tun ba a kawo uwarki gidanmu ba, ban taɓa yar da ɗan kowa ba."

Maganar ta soke ni, hawaye suka zubo. Ina share su na ga hannunta ya ƙetare cinyata ya nufi jan maɓallin da ke tsakanin ƙafafun yarinyar. Ashe tun a ƙofar gida ta lura da inda na danna.

Na kama wuyan hannunta.

Hannun da ya gasa mini jiki safe da yamma ne, fatarsa duk ƙunar itace. Tun da nake ban taɓa riƙe hannun babba don in hana shi abu ba. Ta ja, ban saki ba. Ba ta sake ja ba, ta dai dube ni, ni kuma na dubi gwiwata. Haka muka tafi, yarinya na tsala kuka, abin share gilashi na kai da kawowa, maigidana ya ƙura wa titi ido kamar kurma. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san ba mu haɗu da komai ba, ko akuya ba ta gitta mana ba, ba a taka birkin kirki ko sau ɗaya ba. Da ta riƙe ta a cinya ma da lafiya za mu fita, kuma Gwaggo ta san haka.

A Tudun Wada muka tsaya bakin wata rumfa. Na kwance yarinyar na ba ta nono, tana sha tana ajiyar zuciya. Da ta ƙoshi na miƙa wa Gwaggo ita, na ce ta ɗan riƙe ta kafin mu tashi.

"A'a," ta ce. "Mayar da ita wurinta."

Ta ninke sabon zanen gida huɗu ta tura cikin jaka. Daga nan har muka isa gida Bebeji yarinya barci ta yi.

Mun tarar da uwar mijina a ƙofar gida da matan maƙwabta, ana guɗa. Gwaggo ta fito, ta zagayo ta ɓangaren kujerar ta tsaya, hannayenta a bayanta. Ni na danna maɓallin, na ciro yarinyar na ba ta. Taku kaɗan ne daga mota zuwa zaure, iyakar riƙon da ta samu ke nan. Ta miƙa ta ga uwar mijina, murya a sake, gaban kowa.

"Ga amanarku nan, lafiya lau. Ba ni na riƙo ta ba, amma ta iso."

Matan suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Da gari ya waye maigidana ya ce zai mayar da ita, ta ce motar haya ta ishe ta.

Kujerar tana nan a motarmu, ƙanin yarinyar ne a ciki yanzu, yana kallon baya. Duk tafiya sai na girgiza ta na duba ƙugiyar, kuma ko yau aka koma dajin nan zan sake kama hannun. Da na haifi ƙanin nata na je gida wanka, Gwaggo ta zo barka da sabulu da turmin atamfa, ta sa masa albarka, ta tambaye ni jiki kamar yadda ake tambayar 'yar maƙwabta. Wata ce ta tafasa mini ruwa.