Gawon Tsoho Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya bi hanyar amalanke daga Cadakori zuwa Gidan Rumji ya san gonar Tsoho, ko bai san mai ita ba. Ita ce mai gawo goma sha ɗaya a jere. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake ce masa Tsoho tun yana rarrafe, yanzu kuwa furfura ta gaskata sunan.

Gonar da ya gada fili ce fetal, iska takan binne masa shuka har sau uku a damina ɗaya. Bayan yunwar tamanin da huɗu sai ya kama sassaben zamani: in kututture ya yi toho, ba ya sarewa ya ƙone, sai ya zaɓi reshe mai ƙarfi ya rage sauran da wuƙa. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai Tsoho ya bar gero ya koma noman itace. Ya kewaye tohon da ƙaya saboda awaki, ya yi faɗa da masu sassaƙa turmi har gaban mai gari. Mutum ne mai saurin hawa, matarsa Hasiya takan ce gawon nan sun fi ƴaƴansa samun lallashi. Bai taɓa musa mata ba.

Kowa a karkara ya san halin gawo. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, geron da ke ƙarƙashinsa ya sami rana da taki. Da kaka ya yi kore shar, da rani ya ba da inuwa, awaki su ƙoshi da ƴaƴansa.

Bara aka ce kamfanin da ke aikin layin dogo zai fitar da hanyar manyan motoci, su riƙa ɗauko tsakuwa daga wani rami arewa da ƙauyen. Tsoho bai ƙi ba, shi ma yana son ya ga jirgin ƙasa kafin ya mutu, ga kuma fako a gefen gonarsa da ko ciyawa ba ta fita. A tsakiyar damina wani ɗan jirgi marar matuƙi ya yi shawagi yana ɗaukar hoto. Bayan sati uku sai ga turaku masu jan fenti, ba a fakon ba, a kan jeren gawon.

Ya sami Rilwanu, shugaban leburori, a wurin aikin, ya tambaye shi dalili.

"Baba, a buro, can ofishin kamfani, sunka duba hoto, sunka ga icce ba ganye, sunka rubuta matattu na. Shi ya sa anka bi nan."

"Kai ɗan ina na?"

"Agye."

"Gonar ubanka babu gawo?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai. "Akwai, Baba."

"To mi ya hana ka gaya musu?"

"An riga an sa hannu. Ni ba a tambaye ni ba."

Tsoho ya ja shi har gindin babban gawon, ya kankare ɓawo da wuƙa, ga ɗanye jiƙe da ruwa. Ya ce su ba shi wata biyu kawai, su dawo su gani da idonsu. Rilwanu ya ce takarda ba ta jira.

Kashegari Tsoho ya yanki reshen gawo, abin da bai taɓa yarda wani ya yi ba, ya hau babur zuwa buron kamfanin a Maraɗi. Ya zauna kan benci tun hantsi har la'asar, reshen na bushewa a cinyarsa. Daga ƙarshe aka ce mai sa hannun ya tafi Yamai, ya dawo wani satin. Kafin wani satin katafila ta iso.

Guda goma ta kayar tsakanin safe da azahar, ta bi ta kan geron da ya fara fitar da kai. Ɗaya ya tsira, don yana bayan turakun da taku guda. Tsoho na tsaye cike da fushi, Hasiya ta riƙe masa riga ta baya. Abin da ya fi ƙona masa rai, ba mugunta aka yi masa ba. Da mugunta ce da ya san wanda zai riƙe. Aikin shekara arba'in ya tafi ne don wani ya ƙi tambayar manomi ɗaya.

Rani ya yi, zafi ya kai inda ya kai, gawon da ya rage ya cika da ganye. Wata azahar Tsoho ya zo tsintar ƴaƴansa don awaki, ya tarar da farar mota a gindinsa, wani mai farar hular kwano ya shimfiɗa tabarma yana fifita da takarda. Rilwanu ya matso ya ce a hankali, "Baba, shi na ya sa hannun."

Baƙon ya yi murmushi. "Sannu Baba. Itacen nan naka albarka ne, duk tsawon hanyar nan babu inuwa sai nan."

Tsoho ya ajiye kwandonsa.

"Tashi ka koma rana. Iccen ga matacce na, kai ka rubuta."

Ya tsaya a kansa har baƙon ya naɗe tabarmar.