Ramin Iska a Ɗakin Mai Jego

Alhamis: tashi daga Montreuil

Gari bai waye ba Iliyasu ya tsaya da farar motarsa ta aiki a ƙofar benenmu a Montreuil. Ɗan kawuna ne, sana'arsa kafa murhun ɗumama gida, da takardar shaidarsa da komai. Muka yi asuba, na sauko da jaka ɗaya da ƙullin yajin jego da garin kunun kanwa, muka kama hanyar Lyon.

Ƙanena Sani ne ya tayar da mu. Yana zaune a wani tsohon gida a bayan garin Lyon. Matarsa Balkisa ta haihu, yaron ya zo kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi, gidan kuwa sanyi ne da shi kamar randa. Sai ya sayi murhu mai cin ƙwayoyin itace, ya ce Iliyasu ya zo ya kafa. Ni kuma ga abin da ya ce mini a waya: "Yaya Mariyama, don Allah ki biyo shi. Sai an huda bango, kuma Hajiya tana gidan. Ni ban iya kallon idon surukata in yi mata gardama."

Hajiya Rabi ke nan, mahaifiyar Balkisa, wadda ta zo daga Tahoua zaman jego. Duk dangi sun san labarinta. Ɗanta na fari ya rasu tana cikin jego, a tsakiyar hunturu, kuma tun ranar take cewa sanyi ne ya ɗauke shi. Ko rami kamar kafar allura ta gani a ɗakin jariri sai ta toshe. Yanzu ga mu za mu je mu huda mata bango da gangan.

Kan hanya

Wajen babbar kasuwar Rungis muka kutsa cikin manyan motocin kayan abinci suna fita jere, mu muna fara yini su suna gama nasu. Ni dai hankalina yana baya, inda murhun yake ɗaure da igiya, baƙi, tsayinsa ya kai ƙuguna, ga tulin bututun ƙarfe da buhuna. Na sa hannu cikin wani buhu da ya ɗan yage na ɗebo. Ƴan gajerun ƙwayoyi ne masu santsi, sak abincin tumakin kiwo, suna ƙamshin shagon kafinta.

"Wannan ne itacen?" na ce.

"Garin katako ne aka matse. Ki zuba a bayan murhun, shi yake ɗiba da kansa kaɗan-kaɗan yana ba wuta. In ruwa ya taɓa su sun zama dusa."

"To ramin bangon fa, na mene ne? Ba ga bututun hayaƙi ba?"

"Bututu na fita ne, Yaya. Wuta tana son hanyar shiga ita ma. In ta rasa iska ba ta ci sosai, sai ta fitar da wani hayaƙi marar launi, marar wari. Ki ji ciwon kai, ki ji barci, shi ke nan."

Na riƙa juya maganar a raina. Shekara nawa ina hura wuta a gidanmu a Maraɗi, ban taɓa tambayar abin da take ci ban da itace ba.

A wajen biyan kuɗin hanya jandarmomi suka tsayar da mu. Suka duba takardun mota, suka leƙa baya, wani dogo ya nuna ƙullina ya ce mene ne. Na ce yaji ne na mai haihuwa. Ya kwance ya kai hanci. Atishawar da ya jera, abokin aikinsa har da riƙe ciki. Ya miƙo mini kayana idonsa na ruwa, ya ce mu sauka lafiya.

Mun tsaya kusa da Auxerre muka ci burodi da ƙwai da na soyo daga gida, muka sayi kofi mai tsada marar daɗi. Daga Beaune gonakin inabi suka fara, tsirara, ba ganye ko ɗaya, an jera su kamar an auna da igiya. Na riƙa lura da rufin gidajen ƙauye, abin da ban taɓa yi ba. Kowane bututun hayaƙi ya ɗara ƙololuwar rufin tsawo. Iliyasu ya ce ba ado ba ne, in ya gaza haka iska tana iya mayar da hayaƙin cikin gida. Cunkoson motoci a ramin da hanya ta ratsa cikin dutsen Lyon ya cinye mana lokaci, sai bayan azahar muka isa.

Gidan Sani

Hajiya ce ta buɗe ƙofa, da rigar sanyi biyu a kan atamfa. Muka gaisa, gaisuwar gida, tun daga gajiya har dabbobin da ta baro a Tahoua. Sannan ta kai ni falo, inda ta mayar da gadon Balkisa don ya fi ko'ina ɗumi. Jaririn yana cikin barguna, hancinsa kawai ake gani. Na ɗauke shi, ban ji nauyin komai ba. Tagogin falon duk an bi gefensu da tsumma.

Iliyasu bai zauna ba. Ya hau rufi ya leƙa tsohon bututun gidan, ya fito da sheƙar tsuntsu guda da baƙin toka cike da bokiti. Ya share, ya zura sabon bututun ƙarfe tun daga sama har falo, ya ce tsohon ginin ya tsattsage, ba a yarda da shi. Ni ce mai miƙa kaya, kuma mai tambaya. Me ya sa ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙasa? Don daɓen katako ne. Me ya sa murhun ba ya jingina da bango? Don zafi yana son fili. Ya sa aka cire labulen da ke kusa, aka ja kujera baya, aka matsar da gadon mai jego can ɗaya gefen. Hajiya ta ce ai an nisanta ta da wutar, amma ta bari.

Juma'a: ranar huda bango

Da safe aka kai Balkisa da jariri ɗakin sama saboda ƙura, Iliyasu ya ɗauko injinsa ya kafa a bango, ƙasa-ƙasa, bayan murhu. Sani ya tuna yana da saƙo a gari. Na bi shi da harara har ya fita.

Da hasken waje ya leƙo ta ramin, faɗinsa kamar bakin kofi, Hajiya ta ajiye ludayin kunu.

"Mi nike gani haka? Kun kawo wuta, kuma kun buɗe ma sanyi ƙohwa?"

"Hajiya, ba don ɗaki ba ne, don wutar ne," na ce. "Sai da iska take ci."

"Ɗiyata, ni za ki gaya ma wuta? Na yi jegon ɗiya nawa? Iska shi ne abokin gaban mai jego."

Na yi bayani iya yina, ta ce ta ji. Irin jin da manya ke yi in sun gama yanke shawara.

Iliyasu ya sa wa ramin raga, ya gwada bututun da hayaƙi ya ga ba ya yoyo, ya liƙa wani ɗan farin abu a bango mai kama da murfin kwano. Ya ce shi ne mai gadi, in hayaƙin nan marar wari ya taru zai yi ihu. Bayan la'asar ya danna maɓalli. Muka ji ƙwayoyin suna faɗawa ɗaya-ɗaya, ƙas, ƙas, can sai wuta ta tashi bayan gilashi, tsaye, mai haske. Na durƙusa ina kallo kamar yarinya. Kafin magariba aka dawo da Balkisa da jariri falo, Hajiya ta cire rigar sanyi ɗaya, har ta sa wa Iliyasu albarka. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, na kwanta a ɗakin sama ina ganin aiki ya ƙare.

Asabar

Ina shan shayi a kicin da hantsi wani ihu ya tsaga gidan. Mai gadin ne. Muka yi karo da Iliyasu a ƙofar falo, wadda muka tarar a rufe. Gilashin murhun ya yi baƙi, wutar ta kwanta tana lilo, ja-ja. A tsakar ɗaki ga kaskon turare cike da garwashin gawayi. Balkisa tana zaune bakin gado dafe da kai.

"Ku fita da su! Buɗe tagogi!" in ji Iliyasu. Ya kashe murhun, ya ɗauki kaskon ya yi waje. Na sunkuci jaririn. A bakin ƙofar gida, cikin sanyin nan da ake gudu, ya buɗe baki ya tsala kuka, kuma ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba. Sani ya kira masu agajin gaggawa. Suka zo suka auna uwa da ɗa da iskar ɗakin, suka ce an yi sa'a, abin bai yi nisa ba, amma duk da haka za su kai su asibiti a duba.

Bayan sun tafi na leƙa bayan murhun. An cire ragar, an cusa zane a ramin, an danna shi sosai. Na san zanen, a kafaɗar Hajiya na gan shi jiya. Raina ya ɓaci, na miƙe da magana a bakina. Sai na gan ta zaune a matakala, maganar ta koma.

Ita ce ta fara. Ba ni ta kalla ba, Iliyasu ta kalla.

"Ciwon kan nan na Balkisa. Hayaƙin nan ne da ba a gani?"

"Shi ne, Hajiya. Gawayi a rufaffen ɗaki ya fi komai kawo shi. Ga murhun kuma an hana shi iska."

"Shina sa barci mai nauyi?"

"Yana sawa."

Sai ta ce, a hankali: "Ran da na rasa nawa, garwashi aka sa mini ƙarƙashin gado, aka rufe ƙohwa da tabarma biyu. Na tashi kaina kamar shi tsage. Shi bai tashi ba. Shina iya ɗaukar jinjiri shi bar uwa?"

Iliyasu ya sunkuyar da kai. "Allah ne masani, Hajiya. Amma ƙanana ya fi saurin kamawa."

Ta tashi, ta shiga falo, ta durƙusa bayan murhun da kanta ta zaro zanen. Iska mai sanyi ta bugi fuskarta, ba ta kauce ba. Ni na juya na yi kukana a kicin.

Da rana Iliyasu ya shiga gari ya dawo da wani guntun bututu. Ya ce murhun irin wanda ake iya haɗawa kai tsaye ne, kuma da ya yi tunanin Hajiya da tun jiya ya yi haka. Ya haɗa ramin da bayan murhun, ya liƙe gefen. Yanzu iskar waje wurin wuta take zuwa, ba ta ratsa ɗaki. Hajiya ta zagaya wurin da bayan hannunta ba ta ji komai ba. Ta bi tagogin ta cire tsumman da ta toshe ƴan ƙofofin iskarsu. Da yamma aka dawo da Balkisa da yaro lafiya lau, turare kuma aka koma yin sa a na'urar lantarki.

Lahadi: komawa

Iliyasu ya tsaya wani aiki a Lyon, ni na hau jirgin ƙasa mai gudu, wanda ya cinye tafiyar yininmu cikin awa biyu. Daga tasha na shiga na ƙarƙashin ƙasa, na canja a tashar Nation, na sauka Montreuil ana shirin la'asar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni, na gode wa Iliyasu, da Sani duk da gudun da ya yi.

Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Hajiya ce. Ta gajarta gaisuwa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mariyama, mai ihun nan na bango. Shina aiki inda babu lantarki?"

"Da batir yake aiki, Hajiya."

"To ki samo mini kahin in koma. Ƙanwar Balkisa na da ciki, cikin ɗari za ta haihu, kuma ni za ni yi mata jego."

Na ce guda nawa. Ta shiga lissafin ɗakunan gidanta da na maƙwabta, ina jin kukan jaririn a bayanta.